Shekarar da Tsaunin Altai Ya Tsallake Kogi

Mustapha, ajiye wayar nan tukuna, na ga bidiyon. Na ga ka zamo daga saman gangaren har ƙasa ba ka faɗi ba, na ga Lawali ya sha ƙasa yana dariya. Madalla. Amma wannan ƙaton ɗakin sanyi na wasan zamiya da kuka je a Huadu, inji ne yake niƙa masa ƙanƙara, mota ce take bi tana daddale ta, ga rufi a sama, ga bango hagu da dama. Yanzu kuma kun ce in kasuwanni sun rufe don hutun sabuwar shekarar mutanen nan, za ku hau jirgi ku tafi tsaunukan Altai, ku tsallake igiyar da aka killace wa baƙi, ku shiga bayan duwatsu inda babu sawun kowa, wai a can hoto ya fi kyau. Ban hana ku ba. Ku dai matso da kujerunku. Kun san ni a titin Zhanxi Lu na nan Guangzhou ina yi wa mutanenmu tafinta wajen masu takalma, amma kafin nan na yi sama da shekara goma ina cin abinci a kan dusar ƙanƙarar can.

Karatu ne ya kawo ni ƙasar Sin ɗin nan, a Lanzhou, fannin ruwa da noman rani. A ajinmu akwai wani ɗan ƙabilar Kazak mai suna Yerlan, ɗan can ƙuryar arewa, inda Sin ta yi iyaka da Mongoliya da Rasha. Da hutun sanyi ya zo, ya ga kowa yana haɗa jaka ni ina zaune a ɗaki, sai ya ce, "Habibu, tashi mu je gidanmu. Naman doki za ka ci har ka gaji." Na ce masa doki kam a bar shi, in akwai rago ina zuwa. Muka yi jirgin ƙasa, muka yi mota, inda mota ta tsaya muka hau wani amalanke marar taya da doki ke ja. Kawunsa ne ya zo taryar mu, ana ce masa Serik Aga, wato yaya Serik. Gajere ne ƙaƙƙarfa, ba ya yawan magana. Da damina makiyayi ne, da sanyi kuma shi ne yake shiga gaba da baƙin da ke zuwa wasan zamiya a bayan duwatsu.

A wannan hanyar na fara ganin abin. Muna cikin tafiya Serik Aga ya ja linzami ya ɗaga hannu. Can nesa, a ƙirjin wani tsauni da rana ta haska, wani siririn layi ya bayyana kamar an ja reza a kan farar shadda. Duk abin da ke ƙasan layin ya motsa gaba ɗaya, faɗinsa ya fi unguwa guda. Da farko shiru, ba ka jin komai. Sai daga baya rugugin ya iso mu, dokin ya ja da baya. Farin hayaƙi ya turnuƙe ya fi itatuwa tsayi, ya ci gaba da tafiya shi kaɗai bayan komai ya tsaya. Na ji bakina yana ta salati. Serik Aga ya jira hayaƙin ya kwanta, ya ce wani abu da yarensu, Yerlan ya juyo ya fassara mini: "Ya ce wannan ƙarama ce."

Zaftarewar dusar ƙanƙara ke nan. Aikin Serik Aga shi ne ya san inda za ta zafto da lokacin da za ta zafto, ya kai mutane su yi wasansu, ya dawo da su da adadinsu. Sinancinsa kaɗan ne, Turanci babu, ni kuwa ina da duka biyun, shi ya sa na fara a matsayin tafinta. Da na gama karatu ban nemi wani aiki ba.

Aikin farko da ya damƙa mini tono ne. Kowace safiya kafin a fita da baƙi, sai mu hau wani ɗan gangare mai fuskantar inda babban yake fuskanta, amma ƙarami, wanda ko ya zame ba zai kashe mutum ba. Ya nuna wuri da sanda, ni in haƙa har shebur ya taɓa ciyawa. Wani lokaci ramin ya shanye ni har kai. Sai a daidaita bangon ramin, a share shi da safar hannu. A nan idona ya buɗe. Ku da kuke ganin fari fat daga sama kuna zaton abu ɗaya ne. Hawa-hawa ne, kowace zuba da tata shimfiɗar. Serik Aga yakan ɗora yatsa ya ce wannan ta ranar iskar yamma ce, wannan ɓawon na ranar da rana ta buɗe ne, wannan layin mai ruwan ƙasa kuwa ƙura ce iska ta kwaso daga hamada. Duk abin da sama ta yi tun farkon sanyi yana nan a jere.

Da hannu ake gwada taurin kowace shimfiɗa. In dunƙulen hannunka ya shige, mai laushi ce. In sai yatsu huɗu, ta ɗan kama jikinta. In sai yatsa ɗaya, ko fensir, ko wuƙa, ta yi tauri. Abin da muke tsoro shi ne mai tauri a kan mai rauni. Ku masu loda kwantena kun san wannan: in ka ɗora kaya masu nauyi a kan katan ɗin da ruwa ya taɓa, suna iya zama lafiya lau, sai an ɗan girgiza su rufta gaba ɗaya.

Mafi mugunta ita ce wadda muke kira sukari. In dusa ta zuba kaɗan a farkon sanyi, sannan sama ta washe aka daɗe ana tsananin sanyi, ɗumin ƙasa yakan riƙa hawa ta cikinta yana sauya ƙwayoyinta. Sai su girma, su yi kusurwa, su daina manne wa juna. Ka damƙa ka matse ba za ta dunƙule ba, sai ta zube ta tsakanin yatsunka. Na taɓa ɗora ƙwaya ɗaya a kan baƙin kati na duba da gilashin ƙara girma. Wallahi kamar ɗan ƙaramin kofi aka sassaƙa, da matakala-matakala a jikinsa, kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Na daɗe a tsugune ina kallo har gashin hancina ya daskare. Abu mai wannan kyau, kuma shi ne yake kwashe daji.

Bayan yatsu sai zarto. A yanka ginshiƙi a bangon ramin, a raba shi da sauran, a ɗora bakin shebur a kansa. Ka fara bugu a hankali daga wuyan hannu, sannan daga gwiwar hannu, sannan daga kafaɗa, idonka yana kan gefen ginshiƙin. In ya karye yana marmashewa, da sauƙi. In kuwa ya ɓalle farat ɗaya ya zamo waje sumul kamar an jawo aljihun tebur, to ranar an gama magana, ba a hawa.

Abu uku ne ba a fita babu su. Akwai bikon, wata 'yar na'ura da ake ɗaurewa a ƙirji ƙarƙashin riga. Tana aika sigina, in an juya mata maɓalli kuma ta koma neman 'yan'uwanta. Akwai doguwar sandar ƙarfe mai gaɓa-gaɓa da ake naɗewa, ta caka dusa a nemi mutum. Sai shebur, na ƙarfe, ba na roba ba. Kafin Serik Aga ya yarda in fita da baƙi, sai da ya kai ni gindin wata dusa da ta zafto a kwanakin. Ya sa Yerlan ya haƙa rami, ya ce in shiga in tsaya, suka mayar da dusar har ƙirjina suka tattake.

"To fito," in ji shi.

Na yunƙura. Ko yatsan ƙafata ban iya motsawa ba. Duk numfashin da na fitar sai ta ƙara matse ni, in kasa mayar da shi cikakke. Wadda ta zafto ba irin wadda kuke jifan juna da ita ba ce. Tana gudu tana gogar kanta, tana tsayawa sai ta kame kamar siminti. Serik Aga ya tsuguna a gabana ya ce, "Wanda ke ƙasa ba ya iya yi wa kansa komai. Kafin likita ya iso, kafin jirgi ya iso, an gama. Wanda ke tare da shi ne kawai. Shi ya sa nake zaɓen wanda zai bi ni." Sannan ya tono ni. Daga ranar, duk yamma sai ya binne bikon a cikin jaka a wani wuri ya ce in nemo, yana tsaye yana girgiza kai, har ranar da ya daina girgizawa.

Baƙinmu kuwa yawancinsu daga nan suke zuwa, Guangzhou da Shenzhen, wasu daga Shanghai. Masu masana'antu, matasa masu aikin kwamfuta, mutanen da a garinsu dusa ba ta sauka. Suna isowa da kaya sababbi fil, su tarar da baƙar fata a cikin rami da zarto a hannu, sai a manta da tsauni a fara ɗaukata hoto. Wannan ba ya damuna. Abu mai wuya shi ne safiyar da sama ta yi garau, dusa sabuwa ta kwanta kamar auduga, mutum ya baro aikinsa ya keto ƙasar nan tun daga kudu, kai kuma ka fito daga rami ka ce masa, "Lawban, yau meyo." Kalmar da masu shaguna ke gaya muku in kaya ya ƙare, ita nake gaya musu: maigida, yau babu. Wani ya yi fushi, wani ya nuna maka sawun wasu da suka bi jiya lafiya. Sai ka yi masa bayani cewa mutum tara suna iya wucewa lafiya, na goma ya taka inda shimfiɗar ta fi siranta. Kuma gangaren da ya fi daɗin zamiya shi ne ya fi haɗari. Mai tsaye sosai ba ya tara dusa, mai kwance ba ya sakinta. Na tsakiyar nan, wanda ido yake so, shi ne.

A cikin tafiya ma ba a daina sauraro. Wani lokaci kana kan shimfiɗaɗɗen fili sai ka ji "wum" a ƙarƙashinka, ƙasa ta ɗan sauka da kai. Sukarin ne ya rufta, iskar da ke cikinsa ta fita. Karo na farko da na ji shi na ga tsaga ta fita daga bakin katakon zamiyata ta ruga gaba kamar maciji, wani ɗan tudu da ke can gefe, wanda ko kusa da shi ba mu je ba, ya saki kayansa. Daga ƙasa ka taka, daga sama ta amsa. Sai kuma iska, wadda take kwashe dusa daga wannan fuskar tsaunin ta jibge a waccan, ta gina wani leɓe a ƙoli wanda yake leƙowa babu komai a ƙarƙashinsa. Duk inda muke shakka, ɗaya bayan ɗaya ake wucewa, sauran suna tsaye a wuri mai aminci suna kallonsa.

Cikin baƙin akwai Madam Lin, mai shagunan takalma a Zhanxi Lu, da mijinta Lawo Liyang. Duk sanyi sai sun zo. Ita ce irin baƙon da nake so: tana ciniki a kan komai, har farashin shayi, amma in aka ce za a yi atisayen neman bikon, ita ce ta farko a layi. Suna tare da mu a muguwar shekarar.

Shekarar tun farko ba ta yi mana daɗi ba. Dusa ta zuba da wuri 'yar kaɗan, sannan sama ta bushe, sanyi ya yi tsanani har ƙarfe yana kama fata. Duk ramin da na haƙa, ƙasansa sukari ne har gwiwa. Serik Aga ya ce bai taɓa ganin mai kauri haka ba. Muka tattara wasanmu a cikin kurmi da ƙananan gangare. Muna wani ɗakin katako a can cikin kwari, ni da Serik Aga da Yerlan, da baƙi huɗu, su Madam Lin da samari biyu, sai sama ta ɓarke da dusa. Ta zuba yini da kwana, ta sake, ta kuma sake, har muka daina ganin taga. Kullum sai mun haƙa mu fita. Daga nesa kana jin tsaunuka suna ta saki, wannan ya yi rugugi wancan ya amsa.

Da ta tsaya, Serik Aga ya ce babu mai hawa ko tudun tururuwa, zama za a yi har ta kwanta. Da haka za a yi, sai Lawo Liyang ya kwanta. Yana da ciwon asma, sanyin ya tayar masa, abin shaƙarsa ya ƙare, leɓensa ya fara canza launi. Muka yi magana da ƙauye ta rediyo, suka ce hanya ta toshe, motar share dusa ta tsaya a ƙauyen, akwai likita amma sai mun kawo shi.

Hanyar ƙauyen tana bin gefen kogi a tsakiyar kwari. Wuri ɗaya ne abin dubawa, inda wani makwarari yake saukowa daga babban tsauni a ɗaya gefen. Amma tsakaninsa da hanya akwai tsohon kurmi, itatuwa waɗanda mutum biyu ba sa rungume ɗaya, sannan ga kogin kansa. Serik Aga ya ce a zamaninsa da na mahaifinsa dusa ba ta taɓa tsallake kogin ba. Duk da haka ya ce da sassafe za a bi, kafin rana ta taɓa ƙolin. Muka naɗe mara lafiya a barguna a kan abin ja. Da muka iso wurin ya tsayar da mu a bayan wani ƙaton dutse, ya duba bikon ɗin kowa, ya ce, "Ni zan fasa hanya. In na isa wancan itacen zan ɗaga sanda. Habibu, kada ka ɗauke ido daga kaina."

Ya kai tsakiya sai muka ji ƙara kamar an harba igwa a sama. Na ɗaga kai. Daga wannan kafaɗar tsaunin har waccan, duk fuskar ta tsage, ta taho. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauki duk gine-ginen unguwar Sanyuanli ku mayar da su fari, ku sa su gudu. Iskar da ke gabanta ce ta fara isa kurmin, na ga manyan itatuwan nan suna kwantawa tun dusar ba ta taɓa su ba. Yerlan ya yi ihu. Serik Aga ya juya ya fara gudu ta gefe, ya yar da sandunansa. Na mayar da idona kansa, na riƙe shi, na riƙe shi, har farin ya haɗiye shi kusa da wani karkataccen itace. Sai duhu ya rufe mu mu ma a bayan dutsen, garin ƙanƙara yana shiga hanci da baki.

Da ya washe, babu kogi, babu hanya, babu kurmi. Sai tudun ƙanƙara gunduwa-gunduwa, wasu kamar firji wasu kamar mota, da kututture suna leƙowa. Shiru kamar ba a taɓa yin ƙara a duniya ba.

Na ce kowa ya juya bikon ɗinsa zuwa nema, har na mara lafiya, don kada ya ruɗa mu. Na tsayar da ɗaya daga cikin samarin baƙin ya zuba wa tsaunin ido, in ya ga motsi ya yi ihu. Na ruga inda na gan shi ƙarshe, na fara sauka ina zagaye. Na'urar shiru. Na ƙara gaba, shiru. Can sai ta yi ɗan kuka. Na bi kibiyar, lambar tana raguwa, na durƙusa ina jan ta a kan ƙanƙara har ta daina raguwa. Madam Lin tana bayana, ta riga ta haɗa sandar. Ta fara cakawa tana zagayawa kamar yadda aka koya mata. Ta caka, ƙanƙara. Ta caka, itace. Ta sake cakawa sai ta tsaya.

"Habibu, nan da laushi," in ji ta.

Na taɓa sandar na ji. Mutum ne. Zurfin ya kai ƙirjina.

Ba a tono daga saman mutum, kada ka tattake masa 'yar iskar da ta rage. Daga ƙasan gangare ake farawa a shiga ta gefe. Ni a gaba ina sara, Yerlan a bayana yana kwashewa, Madam Lin da ɗaya saurayin suna turawa baya. In hannuna ya mutu Yerlan ya karɓa. Kowane sara kamar kana fasa daɓe. Muka ci karo da reshe, na sa zarto. Farkon abin da ya fito gwiwar hannunsa ce, ya tokare ta a gaban fuskarsa. Na ajiye shebur na koma yatsu. Fuskar ta yi shuɗi, numfashinsa ya daskare ya yi mata wani ɓawo kamar gilashi. Na fasa shi, na zura yatsa na kwashe dusar da ta cika masa baki. Yerlan yana kiran sunansa. Ba motsi. Na haɗa bakina da nasa na hura, na sake hurawa. Sai ƙirjinsa ya yi wata irin shessheƙa, ya yi tari.

Ya daɗe kafin idonsa ya tsaya a kaina. Abin da ya fara cewa shi ne, "Wa yake kallon sama?"

Na ce, "Akwai mai kallo, Aga."

"Akwai wani makwararin da bai sauko ba. Ku yi sauri."

Cinyarsa ta karye, haƙarƙari ma. Muka ɗaure ƙafar da sandar cakawa, muka shimfiɗa shi a kan katakon zamiya biyu. Marasa lafiya biyu muka ja a kan wannan tudun, muna ɗagawa muna saukewa, har muka haɗu da mutanen ƙauye da suka ji ƙarar suka taho da dawakai. Lawo Liyang ya samu magani ya warware. Ɗaya makwararin washegari ya sauko, babu kowa a wurin. Amma a wani kwarin, a makon, wasu samari uku da suka fita ba jagora ba su dawo ba. Biyu an tono su ba rai. Na ukun sai da dusa ta narke.

Daga baya Serik Aga ya gaya mini yana jin takunmu a kansa, yana jin muryar Madam Lin sarai, ya yi ta ihu amma ko ɗaya ba mu ji ba. Ya ce bai san ina ne sama ina ne ƙasa ba, haske dai shuɗi ne ta ko'ina.

Na ƙara 'yan shekaru a aikin kafin gwiwoyina su ce sun gaji, Madam Lin ta ce in sauko in taya ta magana da 'yan Afirka. To in za ku je, ku je. Ku nemi jagora ɗan wurin, ku ɗaura bikon, ku koyi nema kafin ku koyi salo. In ya fito daga rami ya ce yau babu, ku koma ku sha shayi. Kai Lawali, ka dubi Mustapha da kyau, ka tambayi kanka ko za ka iya tono shi.

Da damina ta shekarar da abin ya faru na koma kwarin. Serik Aga ya fara hawa doki, da sandar dogarawa a rataye. Ko'ina kore shar, furanni har gwiwar doki, tumaki a warwatse. Muna shan kwana sai ga dusar da ta zafto nan. Ba ta narke ba. Tudu guda baƙi-baƙi da ƙasa da ganye, ya fi gidan sama tsayi, itatuwa a soke a jikinsa saiwarsu tana kallon sama. Kogin ya huda ta ƙarƙashinsa ya yi kogo, cikin kogon shuɗi kamar an kunna fitila, ruwa yana ɗiga, wani sanyi yana fitowa yana dukan fuska alhali rana tana ƙona mana ƙeya. Serik Aga ya sauka da ƙyar. Ya dafa wani kututture da ya karye daidai ƙugunsa, ya daɗe yana bin zoben jikinsa da yatsa.

"Wannan ya girmi kakana," in ji shi. "Yana nan tsaye duk shekarun nan, ita dusar kuma tana can sama."

Ya ɗaga kai ya dubi gefen kwarin, ya nuna wani wuri can sama da inda dusar ta tsaya, ya ce in hau in ɗaura jan ƙyalle, nan sabuwar hanya za ta bi. Kafin in sauko ya hura wuta. Ya sa gatari ya kankare dattin, ya ɓallo dunƙule mai tsabta daga jikin tudun, ya jefa a buta. Muka zauna a kan itacen da ya faɗi muka jira ta tafasa. Shayin yana ƙamshin ƙaron itace. Ya shanye nasa, ya miƙo kofin ya ce in ƙara masa.